Wa Zai Biya Kuɗin Hutun Mai Sarar Rake?

A gefen garin Chichigalpa da ke yammacin ƙasar Nikaraguwa akwai wani ƙauye da ake kira La Isla, wanda daga baya aka riƙa yi masa laƙabi da tsibirin zawarawa, saboda yawan magidantan da ciwon ƙoda ya kashe a cikinsa. Yawancinsu masu sarar rake ne. Likitoci sun daɗe abin yana ɗaure musu kai, domin mutanen ba su da ciwon suga, ba su da hawan jini, waɗanda su ne aka sani da lalata ƙoda, ga shi kuma da yawansu matasa ne majiya ƙarfi. An zargi maganin feshi, an zargi ruwan sha, har yau ma ba a gama wanke su ba. Amma inda bincike ya fi karkata shi ne zafi. Mutum yana aikin ƙarfi tun asuba har rana ta take, gumi na tsiyaya, ruwan jikinsa na ƙafewa, ƙodarsa na ɗan jin rauni kullum, kafin ta warke gobe an sake. Bayan wasu shekaru sai ta ajiye aiki.

Rigakafin da aka gano ba shi da tsada ko kaɗan: ruwa, inuwa, da hutu a kan ƙa'ida. Da aka gwada shi a wata babbar gonar rake ta yankin, aka tilasta hutun, aka kai rumfa da ruwa har bakin aiki, raunin ƙodar da ake samu lokacin girbi ya ragu ƙwarai. To, in dai abin mai sauƙi ne haka, me ya hana masu saran su riƙa hutawa da kansu tun farko? Jinga. Ana biyansu ne gwargwadon nauyin raken da suka sara. Duk minti goman da mutum ya yi a inuwa, daga tukunyar gidansa ya ɗebe shi. Babu wanda ya tsaya a kansa da bulala, amma an tsara aikin ta yadda shi da kansa zai zama mai bulalar.

A ganina duk wata maganar kare haƙƙin ma'aikata da al'ummomi a zamanin sauyin yanayi a nan take farawa. An riga an amince a rubuce cewa mutum yana da haƙƙin ya tsira da lafiyarsa a wurin aiki, al'umma kuma tana da haƙƙin a nemi yardarta kafin a taɓa ƙasarta. Abin da ba a warware ba shi ne aljihun wa za a taɓa idan mutum ya yi amfani da haƙƙin nasa. Muddin amsar ita ce aljihunsa, ba zai yi amfani da shi ba.

Girman matsalar zafi kaɗai ya isa ya tayar da hankali. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da rahoto a watan Afrilun 2024 da ya ce ma'aikata sama da biliyan 2.4, cikin biliyan 3.4 da ake da su a duniya, suna fuskantar matsanancin zafi a bakin aiki, wato kusan kashi 71 cikin 100. Ta ƙiyasta cewa zafin na jawo raunuka miliyan 22.85 da mutuwar mutum 18,970 duk shekara, sannan akwai mutum miliyan 26.2 da ke fama da ciwon ƙoda mai alaƙa da zafin wurin aiki. Tun a 2019 ƙungiyar ta yi hasashen cewa kafin 2030 zafi zai riƙa cinye kashi 2.2 cikin 100 na sa'o'in aikin duniya, kwatankwacin ayyuka miliyan 80, kuma Kudancin Asiya da Afirka ta Yamma ne za su fi ji a jika. Noma da gini ne kan gaba wajen asarar. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya kuwa ta tabbatar da cewa 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Yana da kyau a fahimci yadda zafi ke kashe mai aiki, don a nan dokoki da yawa ke yin tuntuɓe. Jikin ɗan Adam yana son ya tsaya a wajen digiri 37. Tsoka idan tana aiki ita ma zafi take haifarwa, jiki kuma ta hanyar gumi yake fitar da shi. Amma gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe a fata. Idan iska cike take da danshi, gumin sai dai ya yi ta zuba a banza, zafin na nan a ciki. Shi ya sa digiri 34 a bakin teku kan fi digiri 40 na busasshiyar ƙasa haɗari ga mai ɗaukar siminti. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, tunani ya fara rikicewa, sassan jiki su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin a kai nan ma, jiri da kasala suna sa mutum ya zame daga kan gini ko ya kai hannu inda bai kamata ba, a rubuta hatsari ne, ba a ambaci zafi ba. Sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga uku, domin jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, shi kuwa a makon farko ne yake son ya nuna wa ubangida ƙwazonsa.

Ƙasashen yankin Tekun Fasha sun daɗe da dokar hana aiki a fili da tsakar rana lokacin bazara. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa daga 12:30 zuwa 3 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. A Saudiyya daga 12 zuwa 3 a daidai wannan tsakanin. Dokar tana da amfani, sai dai agogo da kalanda take bi, zafi kuwa ba ya duba ko ɗaya. Rana kan yi tsanani a watan Mayu, danshi kan ƙaru da yamma bayan an koma aiki. ILO ma ta gano cewa tara cikin goma na ma'aikatan da zafi ke shafa, a ranakun da aka saba ne, ba lokacin da aka yi shelar tsananin zafi ba. Katar ta ɗan ƙara gaba a 2021, lokacin da idon duniya ke kanta saboda gasar cin kofin duniya. Ta faɗaɗa hanin daga 10 na safe zuwa 3:30, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta kuma ce duk lokacin da ma'aunin da ke haɗa zafi da danshi da iska da hasken rana ya wuce 32.1, a dakatar da aiki ko wane wata ne.

Amma akwai wata takarda da ta fi waɗannan dokokin tasiri a rayuwar iyalan baƙin leburori, wato takardar shaidar mutuwa. Matashi ɗan Nepal ko Bangladesh ya wuce gwajin lafiya kafin ya hau jirgi, ya yi wata takwas yana gini, ya kwanta da dare bai tashi ba. Sai a rubuta zuciyarsa ce ta tsaya, ko kuma mutuwa ce ta Allah da Annabi, ba tare da an bincika gawar ba. Kowa zuciyarsa ce ke tsayawa idan ya mutu, tambayar ita ce me ya tsayar da ita. Da zarar an rubuta haka, mutuwar ta fita daga lissafin hatsarin aiki, diyya ta faɗi, bashin da ya ci ya biya dillalin da ya kai shi kuma yana nan a kan iyalinsa. Ƙungiyar Amnesty ta yi rahoto a kan wannan a 2021. Waɗanda suka tsira da ransu, wasu sun koma gida suna layin wankin ƙoda a asibitocin Katmandu, babban birnin Nepal, ƙasar da ta ci guminsu ba ta san da zamansu ba. A wasu ƙasashen yankin kuma baƙon ma'aikaci ba shi da damar shiga ƙungiyar ƙwadago, balle ya sami wanda zai ɗaga murya a madadinsa.

Kada a ɗauka ƙasashe masu tinƙaho da dimokuraɗiyya sun gama da wannan. A Amurka, jihar Kalifoniya tana da ƙa'idar kare masu aikin fili daga zafi tun 2005, amma ta ƙasa baki ɗaya sai a 2024 aka gabatar da daftarinta. Biranen Austin da Dallas na jihar Texas sun kafa ƙa'idar bai wa leburorin gini hutun minti 10 duk bayan awa 4. Minti goma! A 2023 jihar Texas ta yi dokar da ta ƙwace wa birane ikon kafa irin wannan ƙa'ida, a 2024 Florida ta bi sahunta. Dalilin da aka bayar shi ne kada a ɗora wa 'yan kasuwa dokoki barkatai.

Sifaniya ce ta fi ba ni sha'awa, don ta taɓa ainihin wurin da ke ciwo. Bayan wani mai sharar titi ya faɗi ya mutu a Madrid cikin zafin Yulin 2022, gwamnati ta yi doka a Mayun 2023 da ta tilasta sauya ko dakatar da wasu ayyukan fili idan hukumar yanayi ta yi gargaɗi mai tsanani. Sai ambaliyar Valencia ta ƙarshen Oktoban 2024 ta zo ta kashe mutum sama da 220, wasunsu a hanyar zuwa aiki ko dawowa, wasu a wuraren da ba a sallame su da wuri ba. Wata ɗaya bayan nan aka kafa hutun yanayi na har kwana huɗu, wanda ma'aikaci zai zauna a gida idan hukuma ta ce fita haɗari ce, kuma albashinsa na nan cif. A biyan nan ne dokar ta sami haƙora. Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta 1981 ta riga ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake ganin zai halaka shi nan take, a Yunin 2022 kuma aka ɗaga batun lafiya da aminci a wurin aiki zuwa sahun haƙƙoƙin asali, tare da hana aikin tilas da aikin yara da nuna bambanci da 'yancin kafa ƙungiya. Amma kada a hukunta ka daban, a biya ka daban.

Duk wannan kuma magana ce ta wanda ke da ubangida da takardar ɗaukar aiki. Kusan mutum biliyan 2, wajen kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan duniya, ba su da ko ɗaya. A Afirka adadin ya haura kashi 80. Mai talla, mai dako, mai tsintar shara, mai fasa dutse, ƙaramin manomi, wa za a kai ƙara idan rana ta kayar da su? Sufeton ƙwadago ba ya zuwa inda suke. A nan dole kariyar ta fito daga birni da gwamnati: famfunan ruwa a kasuwanni, rumfuna, bishiyoyi, gargaɗi da wuri, asibitin da ya san alamun bugun zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya fara irin wannan shiri a 2013, bayan zafin Mayun 2010 ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 1,300. A jihar Gujarat ɗin dai, ƙungiyar mata masu sana'ar kansu ta SEWA ta soma gwada wata inshora a 2023, wadda idan zafi ya wuce wani mizani na wasu kwanaki a jere, kuɗi ke shiga asusun mace kai tsaye, ba sai ta cike takarda ko ta kawo shaida ba. Kuɗin ba su da yawa, kuma akan yi saɓani tsakanin abin da ma'auni ya nuna da abin da jiki ya ji. Duk da haka an gane cewa gaya wa mai cin na yau da na yau ta zauna a gida, ba tare da an maye mata cinikin ranar ba, ɓata baki ne.

Daga ma'aikaci zuwa al'umma tazarar ba ta da yawa, sau da dama ma mutum ɗaya ne a matakai biyu na rayuwarsa. Masu bincike a Kambodiya sun bi sawun masu aikin tubali a kewayen birnin Phnom Penh, suka tarar da yawansu manoma ne da damina ta riƙa yi musu gardama. Sun ci bashi don taki da ban ruwa, amfanin gona bai biya ba, sai mai gidan tubali ya biya musu bashin, ya kwaso su da iyalansu su yi masa aiki har su fanshi kansu, abin da kan ɗauki shekaru, wani lokaci har 'ya'ya su gada. Babu wanda zai ga wannan ya ce ga sauyin yanayi ƙarara, abin da ido zai gani shi ne bautar bashi. Haka abin yake aiki kusan ko'ina: fari ko ambaliya ba su ƙirƙiri zalunci ba, suna dai raba mutum da gonarsa ne su miƙa shi ga mai zaluncin, ba shi da ƙarfin yin ciniki.

Bankin Duniya ya yi hasashen a 2021 cewa kafin 2050 sauyin yanayi zai iya tayar da mutum miliyan 216 daga muhallinsu zuwa wani wuri a cikin ƙasashensu, miliyan 86 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Wanda ya tsallaka iyaka kuwa ya faɗa rami a doka, domin Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ta san wanda ake tsangwama saboda ƙabila ko addini ko siyasa, ba ta san wanda teku ta cinye gidansa ba. Ioane Teitiota, ɗan tsibirin Kiribati, ya gwada sa'arsa a New Zealand, aka mayar da shi gida a 2015. Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya bai ba shi gaskiya ba a hukuncin da aka bayyana a Janairun 2020, amma ya buɗe ƙofa da cewa idan haɗarin ya kai ga barazana ta zahiri ga rai, bai halatta a mayar da mutum ba. Afirka a nan ta riga sauran nahiyoyi, don Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta ambaci sauyin yanayi da sunansa cikin abubuwan da ke raba mutane da muhallinsu a cikin ƙasashensu, ko da yake aiwatarwa ta yi nisa da rubutun. Ostareliya kuma ta ƙulla yarjejeniya da ƙaramar ƙasar tsibirai ta Tuvalu a 2023, za ta riƙa karɓar mutum 280 daga can duk shekara.

Ɓangaren da masu fafutukar muhalli ba su cika son a daɗe a kansa ba shi ne wanda maganin da kansa yake cizo. Duniya na buƙatar barin man fetur da kwal, wannan babu ja. Amma batura da yawa na motocin lantarki da ma'adinan kobalt da litiyam da nikel ake yin su, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. An daɗe ana ba da rahoton masu haƙa da hannu, har da yara, a ramukan da ke ruftawa, a 2023 kuma Amnesty ta ba da labarin unguwannin da aka tasa a Kolwezi don faɗaɗa mahaƙa, da diyyar da ba ta isa sayen makamancin gidan da aka rushe ba. A hamadar Atacama ta Chile, 'yan asalin yankin suna kokawa kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake zuƙewa don fitar da litiyam. A Morowali ta Indonesiya, fashewar da aka yi a wata masana'antar narka nikel a Disamban 2023 ta kashe ma'aikata 21.

Ko ƙasar da ake buga misali da ita ba ta tsira ba. A Oktoban 2021 Kotun Ƙolin Norway ta yanke cewa lasisin injinan samar da lantarki daga iska guda 151 da aka kakkafa a yankin Fosen ya tauye haƙƙin makiyayan ƙabilar Sami, domin an kafa su ne a makiyayar hunturu ta dabbobinsu. Makiyayan sun ci shari'a a kotu mafi girma a ƙasar, injinan kuma suka ci gaba da juyawa. Sai da matasan Sami suka tare ƙofofin ma'aikatu a Oslo a farkon 2023, bayan kwana 500 da hukuncin, sannan gwamnati ta nemi afuwa. Sulhun da aka cim ma daga baya ya bar injinan a tsaye, aka bai wa makiyayan kuɗi da alkawarin ƙarin wurin kiwo. In haka ta faru a Norway, sai a auna yadda za ta kasance inda kotu ba ta da wannan kwarjinin. Ba sai an yi dogon tunani ba ma. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bai wa ƙabilar Ogiek gaskiya a 2017 kan zamansu a dajin Mau na Kenya, ta kuma ba da umarnin diyya a 2022, amma a Nuwamban 2023 jami'ai suka sake rushe gidajensu da sunan kare daji. Su Ogiek da masu kare su sun yi zargin cewa cinikin kabon, wato kuɗin da kamfanoni ke biya don a bar daji a tsaye a madadin hayaƙin da suke fitarwa, yana da hannu a ciki.

Ƙa'idar da ya kamata ta hana irin wannan tana nan a Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin yankuna: a nemi yardar al'umma tun kafin a fara, a ba su cikakken bayani, kada a tursasa su. Abin da aka fi gani a aikace shi ne a kira taro bayan an riga an sa hannu a kwangila, a raba takardar halarta, a ɗauki hoto, a ce an tuntuɓi jama'a. Wanda ya ƙi kuwa ya san abin da ke iya biyo baya. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga mutum 196 da aka kashe a 2023 saboda kare ƙasa da muhalli, sama da 2,100 tun daga 2012. Berta Cáceres ta Honduras, wadda aka harbe a gidanta a Maris ɗin 2016, madatsar ruwa ta samar da lantarki take adawa da ita, irin aikin da ake lissafawa cikin makamashi mai tsafta.

Sai masu haƙar kwal da ma'aikatan tashoshin lantarki, waɗanda za a rufe musu wurin neman abinci don amfanin kowa. Tunanin cewa bai kamata su ɗauki nauyin su kaɗai ba daga 'yan ƙwadago ya fito, ana danganta shi da Tony Mazzocchi, wani jagoran ma'aikatan mai da sinadarai a Amurka, kuma ya shiga gabatarwar Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi. Jamus ta nuna yadda ake yi idan akwai kuɗi da lokaci: ta ɗauki shekaru tana rage haƙar kwal a yankin Ruhr, da ritayar wuri da koyar da sabbin sana'o'i, kafin a rufe mahaƙar ƙarshe a Disamban 2018, ta kuma ware har Yuro biliyan 40 ga yankunan da barin kwal kafin 2038 zai shafa. Afirka ta Kudu, wadda kusan kashi 80 na lantarkinta daga kwal yake, rashin aikin yi kuma ya haura kashi 30, manyan ƙasashe sun yi mata alkawarin Dala biliyan 8.5 don ta rabu da kwal a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021, mafi yawansu bashi. Da aka rufe tashar lantarki mai amfani da kwal ta Komati a lardin Mpumalanga a Oktoban 2022, ma'aikatan dindindin sun sami inda aka mayar da su, amma 'yan kwantiragi da masu sayar da abinci da masu ba da hayar ɗakuna, su aka bari da garin da ya mutu, sabbin ayyukan da aka yi alkawari ba su iso a kan lokaci ba. A 2025 Amurka, ɗaya daga cikin masu alkawarin kuɗin, ta janye daga shirin. Wanda ya ga Komati, da wuya ka shawo kansa cewa tashar garinsu ce ta gaba kuma alheri ne.

A fagen doka dai an yi nisa cikin 'yan shekarun nan, bai kamata a raina ba. A 28 ga Yulin 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa muhalli mai tsafta da lafiya haƙƙin ɗan Adam ne, ƙasashe 161 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 8 suka ƙaurace. A Afrilun 2024 wasu tsofaffin mata 'yan Suwizalan suka yi nasara a kan gwamnatinsu a Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, bisa hujjar cewa sakacinta ya bar su cikin haɗarin zafi. A 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague, bisa yunƙurin da ƙaramar ƙasar Vanuatu ta jagoranta, ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta yi sakaci za a iya neman diyya a wurinta. Fatawa ce, ba ta da ɗan sandan da zai tilasta ta. Amfaninta shi ne lauya a kowace ƙasa zai iya ɗaukarta ya ajiye a gaban alƙalin gida.

Da an zo kan kuɗi sai murya ta yi ƙasa. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700, ɓarna da asara sun kai wajen Dala biliyan 30, a ƙasar da hayaƙinta bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. A shekarar ne aka amince a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh ta Masar a kafa asusun biyan asara da ɓarna, bayan shekara talatin ƙananan ƙasashen tsibirai suna roƙo. Da aka buɗe shi a Dubai a 2023, alkawuran da aka tara kusan Dala miliyan 700 ne. Wato asusun duniya baki ɗaya bai kai kashi 3 cikin 100 na asarar ambaliya guda a ƙasa guda ba. Giɓin kuwa da bashi ake cike shi, bashin kuma idan ya zo biya, daga kasafin asibiti da makaranta da albashin sufetocin ƙwadago ake yanka.

Kamfanoni su ma an gindaya musu ƙa'idoji tun 2011, waɗanda wani masani mai suna John Ruggie ya tsara wa Majalisar Ɗinkin Duniya: gwamnati ta kare, kamfani ya mutunta, wanda aka cuta ya sami gyara. Da yake na ganin dama ne, an fi ganinsu a rahoton shekara. Matsalar ita ce wanda ke da ikon gyara yana can nesa da inda ake gumi. Mai masaƙar tufafi a Dhaka ta Bangladesh ya san ɗakin ɗinkinsa ya yi zafi, ya san mata na suma a kan keke, amma kamfanin da ke saye daga Turai ko Amurka shi ya yanke farashi, shi ya sa ranar kawo kaya, da tara idan an makara, ko da ambaliya ce ta tare hanya. Daga wannan farashin babu rarar sayen na'urar sanyaya ɗaki ko ta ba da hutun rana. Faransa a 2017, Jamus kuma daga 2023, sun fara ɗora wa manyan kamfanoni alhakin abin da ke faruwa a wurin masu kawo musu kaya. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2024, wadda za ta iya sa a tambayi mai sayen, a ƙasarsa, ko farashin da ya yanka ya bar wa mai ɗinkin damar shan iska. Ba a kai ga fara aiki da ita ba aka ce ta yi wa kasuwanci nauyi. A 2025 aka ɗage ranar farawa, aka kuma shiga zaftare yawan kamfanonin da za ta hau kansu.